Amitirif da ƙafafuna: shekara guda da 'yan watanni ina shan ta

Ƙwayar 'yar mitsitsiya ce, ruwan ɗorawa, ba ta kai ƙwayar wake ba. A jikin katin an rubuta Amitriptyline 25mg, mu kuwa a gida amitirif muke ce mata, domin harshen uwargida ya ƙi ɗaukar ragowar sunan. Yau shekara guda da 'yan watanni ke nan ina haɗiyar ta kowane dare, in ban da makonni uku da na yi fushi da ita na jefa katin a bayan durowa. Labarin wannan fushin ne ya sa na zauna rubutu. Cikin wata ɗaya mutum uku suka tare ni, biyu a majalisa, ɗaya a ɗakin malamai, kowa da tambaya iri ɗaya: wai da gaske ne maganin nan yana kashe jijiya? Na gaji da ba da amsa rabi da rabi a bakin titi, ƙafa ɗaya a kan mashin.

Ni malamin kemistiri ne a wata sakandaren gwamnati a Zariya, shekaruna 54. Ciwon suga ya same ni tun 2015, tun lokacin kuma nake kan metfomin safe da yamma. A damunar 2024 ne tafin ƙafafuna suka fara ci da wuta. Da rana da sauƙi, ina tsaye gaban allo ina ta surutu ba na ma tunawa da su. Amma da zarar na kwanta sai ka ce an shafa mini dakakken barkono, can kuma wani abu ya fizge ni daga babban yatsa zuwa idon sawu kamar na taka minjirya. Ko mayafi ya taɓa yatsun sai na zabura. Nakan tashi ƙarfe biyun dare in ɗebo ruwan randa a baho in tsoma ƙafafun, ina zaune a tsakar gida ni kaɗai ina sauraron karnukan unguwa.

Masu shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Yayata ta ce sanyi ne, ta aiko da jiƙo a jarka. Wani dattijo a masallacinmu ya ja ni gefe bayan Isha ya ce in bincika da kyau, ƙila na taka wani abu. An kawo man habbatus sauda, an kawo man jimina. Farasitamol da dikilofenak kuwa na sha har na ji kunyar yaron kemis, ko gezau. Daga baya na gane cewa irin wannan zugin ba ya jin magungunan ciwon jiki da muka saba da su, kuma dikilofenak ɗin da nake ɗirka ba abokin ƙodar mai suga ba ne.

Da likita ya rubuta mini takarda, tun ban fita daga ɗakinsa ba na danna sunan maganin a waya. Abin da ya fara fitowa shi ne maganin ciwon damuwa. Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, ni fa ƙafata ce ke ciwo, kaina lafiyarsa ƙalau." Yaro ne, bai fi sa'ar ƙanina na uku ba. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, na sani. Mai ciwon damuwa akan kai shi miligiram 75 zuwa 150 a rana. Kai rabin 25 za ka fara da shi na mako guda, sannan ka koma guda. Aiki biyu maganin yake yi, naka daban." Na karɓa dai, amma na ninke takardar sau huɗu kafin in miƙa ta a kantin magani, kada wani sananne ya leƙo ya ce malamin kemistiri ya fara taɓuwa. Wannan kunyar wauta ce, na sani, ko da ciwon damuwar ne ai ciwo ne kamar suga. Amma haka na ji a ranar, ba zan ɓoye ba.

Da yake sana'ata ce, na je na duba zanen sinadarin. Zobba uku ne manne da juna a jere, da wata 'yar jela a jikin na tsakiya, kuma daga nan dangin suka samo sunansu, masu zobe uku. Kakansu shi ne imifiramin, wanda kamfanin Geigy na ƙasar Suwizalan ya haɗa, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Roland Kuhn ya gwada shi a kan marasa lafiya ya ba da rahoto a 1957. Amitirif ta biyo baya, kamfanin Merck ya fito da ita, aka amince da ita a Amurka a 1961 da sunan Elavil. Wato ta girme ni. Da sababbin magungunan damuwa irin su Prozac suka shigo a ƙarshen shekarun 1980, sai aka rage ba masu damuwa ita, amma ta sami wani gurbin a wajen masu zugin jijiya da masu ciwon ɓarin kai. Har yau tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

A nan sai na ɗan tsaya a kan kalmar jijiya, don ita ce ke rikita hirar majalisa. Mu Hausawa da kalma ɗaya muke kiran wadda jini ke bi, da agarar da ke bayan diddige, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin fata da ƙwaƙwalwa. Wani abokina da ya ji an ce jijiyoyin ƙafata sun taɓu, cewa ya yi in nemi mai ɗori. Wadda nake nufi ita ce ta ukun, mai kai saƙo. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan ci waɗannan zarurrukan a hankali, kuma mafi tsawo yake fara ci, waɗanda suka taso daga laka har yatsun ƙafa. Jijiyar da ta fara lalacewa kamar wayar lantarki ce da ɓera ya gaigaye rigarta, tana tartsatsi ba a kunna komai ba, ƙwaƙwalwa kuma ta karanta tartsatsin a matsayin ƙuna. A cikin laka akwai wata hanya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa tana danne saƙon ciwo, da sinadarai biyu take aiki, serotonin da noradirenalin. Amitirif takan hana a yi saurin kwashe su, sai dannewar ta yi ƙarfi. Ƙarar ciwon take ragewa. Wayar da ɓera ya ci kuwa tana nan yadda take, kuma wannan ne abin da na ji da kunnena a ɗakin likita amma bai shiga kaina ba sai da na ga jini.

Daren farko na yi barci irin wanda na manta da shi. Zugin bai tafi ba, barcin ne ya fi ƙarfinsa. Sai a mako na uku na lura cewa na daina neman baho. Zuwa wata na biyu, idan da zafin goma ne, ya dawo uku. Mayafi ya daina zama abokin gaba. Uwargida ta ce na daina yi wa yara tsawa da safe. A kan wannan kaɗai, ba ni da bakin kushe maganin. Kuɗin katin da zai kai ni kwana goma kuma bai kai abin da nake zuba wa mashin na mai a yini guda ba.

Sai ranar wata Talata a cikin hunturu, watan Disamba. Na gama darasi uku a jere, na je famfon bayan ɗakin gwaji zan yi alwalar Azahar. Na cire takalmin hagu, na ja safa, sai na ga ta manne da tafin ƙafa. Na fizge ta. Jini ne ya bushe, baƙi, faɗinsa kamar kwabo. Na juya takalmin na girgiza, babu abin da ya faɗo. Na sa hannu ciki, sai ga tsinin ƙusar nan ta maƙala takarda a allon sanarwa, ta huda ƙasan takalmin ta leƙo ciki. Tun safe nake tafe a kanta, na hau bene, na sauko, na taka giyar mashin da ita, ban ji ko ɗigo ba. Na zauna a kan dakalin famfon riƙe da ƙafata kamar ta wani ce aka ba ni ajiya. Wani ɗalibi ya zo wucewa ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, wuce.

Da daddare na zaro takardar nan mai ƙananan rubutu da ke cikin kwalin, wadda ba wanda ke karantawa. Na sa tabarau na bi ta layi layi. Can a sashen illoli, tsakanin rawar hannu da farfaɗiya, ga shi an rubuta ƙarara: mutuwar gaɓɓai, jin tsira-tsira a hannu da ƙafa, lalacewar jijiyoyin hannu da ƙafa. Gabana ya faɗi. Na ce ashe maganin da aka ba ni don jijiya shi ne ya ƙarasa ta. A daren na jefar da katin.

Kada kowa ya yi abin da na yi. Kwana biyu da dainawa sai tashin zuciya, ciwon kai, ga wasu mafarkai marasa kan gado a ɗan barcin da nake samu. Jiki ya saba da maganin, in za a bar shi a hankali ake janyewa. A kwana na biyar barkonon ya dawo da ƙarfinsa. Abin takaici, mutuwar ƙafar ba ta motsa ba. Na koma ga baho, ƙafar tana ƙuna a ciki, a waje kuma in an taɓa ba ta ji. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ƙarya ne, ta yaya wuri ɗaya zai mutu kuma ya yi zugi. Haka ciwon yake.

Da takardar a hannu na nufi kantin da nake saye, niyyata in yi faɗa. Ba kemis ɗin lungu ba ne, famasi ne mai rajista, akwai wata Hajiya masaniyar magunguna da ke zama daga La'asar zuwa dare. Na shimfiɗa mata takardar a kan kanta na ɗora yatsa a kan layin. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Malam, ga kujera. Takardar ba ta yi ƙarya ba. Amma bari in tambaye ka. Ƙafar ta fara zafi kafin maganin ne ko bayansa?" Na ce kafin, ai don shi aka ba ni. Ta ce, "To jijiyar ta riga ta kamu kafin ƙwaya ɗaya ta shiga cikinka. Mutuwar a ƙafa ɗaya take ko biyu?" Na ce biyu, daga yatsu ta fara tana hawa kamar ana sa mini safa. Ta gyaɗa kai ta ce wannan tafiyar suga ce, haka take zuwa.

Ta yi mini bayanin yadda ake cika irin wannan takarda. Maganin da ya shekara sama da sittin a kasuwa, miliyoyin mutane sun sha, duk abin da likitoci suka kawo rahoto a kansa ana rubutawa, ko da a kan 'yan tsirarun mutane aka gani. Bushewar baki da magagin barci mutane da yawa na samu. Lalacewar jijiya kuwa rahotanni ne ɗaiɗaiku aka samu nan da can, ba kasafai ba ne. Amma a takarda duk a jere suke, kamar sunayen ɗalibai a rajista, ba ka gane wanda ke zuwa kullum da wanda sau ɗaya aka taɓa ganinsa a zango. Wannan misalin nawa ne, ba nata ba, amma da na faɗa ta yi dariya ta ce haka ne.

Sannan ta shiga yi mini tambayoyi kamar ɗan sanda. Na taɓa shan maganin tarin fuka? Domin akwai ɗaya a cikinsu, isoniyazid, da aka san shi da taɓa jijiya, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Na taɓa daɗewa ina shan Flagyl? Ina shan ƙwayoyin bitamin barkatai? Domin B6 ɗin kansa in ya yi yawa yana lalata jijiya. Ta nemi afuwa sannan ta tambaya ko ina shan barasa, na ce Hajiya, da gemun nan? Daga ƙarshe ta ce, "Shekara nawa kana kan metfomin?" Na ce tara. "An taɓa auna maka B12?" Na ce mene ne haɗinsu? Ta ce metfomin in an daɗe a kansa yakan rage yadda hanji ke tsotsar bitamin B12, kuma ƙarancinsa yana kawo irin wannan mutuwar ƙafar. Ta rubuta a bayan wata rasit ta ce in kai wa likitana. Ko sisi ba ta karɓa ba a kan minti ashirin ɗin nan, kuma ba ta tura mini wani magani mai tsada ba. Idan ana ba kanti maki, wannan zaman kaɗai ya isa ya sa na daina sayen magani a wani wuri.

A asibiti likita ya sa na kwanta na rufe ido. Ya ɗauko wani siririn zaren roba kamar na fatsa, wanda aka yi shi ya lanƙwashe idan nauyin giram 10 ya hau kansa. Ya ce duk inda na ji in ce na ji. Na yi shiru ina jira. Da na gaji na ce, "Likita, ka fara mana." Sai na ji uwargida ta ja numfashi a gefe. Ashe ya taɓa wuri shida. Ya buga ƙarfen nan mai baki biyu irin wanda abokan aikina na fiziks ke koya wa yara sauti da shi, ya ɗora a babban yatsa, ban ji kaɗawarsa ba sai da ya kai idon sawu. Aka ɗebi jini. Awon da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya fito 9 da ɗoriya, alhali ana son ya tsaya wajen 7. B12 kuma ya yi ƙasa.

Na tambaye shi kai tsaye ko maganin ne. Bai rantse mini cewa amitirif ba ta taɓa yi wa kowa haka ba. Cewa ya yi, "Malam, ga manyan ɓarayi biyu mun kama da kaya a hannu. Na ukun kuma ka kore shi kusan mako uku, kayan ba su dawo ba." Sai na tuna karin maganar nan, an bar jaki ana dukan taiki.

Amma akwai inda ba zan wanke maganin tas ba, kuma nan ne ainihin abin da nake so mai suga ya ji. Tun da zugin ya lafa na saki jiki. Zafin nan shi ne mai tunasar da ni cewa akwai wuta a ƙasa, da ya yi shiru sai na ɗauka an kashe ta. Na daina sayen tsinken awon suga saboda tsada. Na koma shayi mai kauri da madarar gwangwani a wajen mai shayin ƙofar makaranta. Ita kanta ƙwayar tana buɗe ciki, tana sa kwaɗayin zaƙi, kilo huɗu na ƙara cikin wata biyar. Tattakin da nake yi bayan Asuba daga gida zuwa bakin titi ya mutu, don nauyin barci ba ya barina. Ƙwayar ba ta ci jijiyata da haƙorinta ba, amma ta rufe mini ido suga yana ci, ni kuma na taya ta da son raina.

Daga baya na bi diddigin inda maganar kashe jijiyar ta ƙara samun ƙarfi, na kuwa ci karo da wani abu da ya burge ni a matsayina na malamin sinadarai. Amitirif tana toshe ƙofofin sodiyam a jikin jijiya, irin aikin da allurar kashe zafi ta likitan haƙori ke yi. Saboda haka masu bincike suka yi kwaɗayin mayar da ita allurar kashe zafi mai daɗewa. A wani gwaji da aka buga a 2004, an zuba ta kai tsaye a kan babbar jijiyar cinyar ɓeraye, aka ga jijiyar ta lalace, kuma gwargwadon kaurin maganin gwargwadon ɓarnar. Gaskiya ne wannan, ya faru. Sai dai duk ɗalibina na aji huɗu ya san bambancin gishirin da aka barbaɗa a tukunyar miya da wanda aka dumbuza a kan gyambo. Abin da ke isa jijiyar ƙafa daga ƙwayar miligiram 25, bayan ta bi ta hanji da hanta ta watsu cikin jinin jiki duka, bai kama ƙafar abin da aka zuba wa ɓerayen nan ba.

Likita ya ba ni zaɓi. Ya ce hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta jera magunguna huɗu da ake fara gwadawa a zugin jijiya: amitirif, duloksetin, gabafentin da firegabalin. Na tambayi farashin sauran a kanti, na yi lissafi da albashin malami, na dawo wa 'yar ruwan ɗorawata. Aka sake farawa daga rabi. Aka yi mini alluran B12, aka gyara magungunan suga, uwargida ta karɓe ragamar kwanon tuwo.

Yanzu ga laifuffukanta, waɗanda na ɗanɗana da kaina. Bushewar baki ita ce ta ɗaya, kuma ba ta taɓa barina ba. Malami da bakinsa yake cin abinci, ni kuwa kafin in kai rabin darasi harshe ya zama ƙirgi. Da gorar ruwa nake shiga aji yanzu. A azumin 2025, da ya faɗo a watan Maris cikin zafin bazara, na ji jiki. Likita ya amince in yi azumin bisa sharaɗin awon suga, amma ba wanda ya gaya mini yadda za mu kwashe da lokacin shan ƙwayar. In na sha bayan asham, tashin sahur ya zama yaƙi, rana ɗaya sai da aka yayyafa mini ruwa. In na sha da buɗa-baki, ina gyangyaɗi a sahu. Daga ƙarshe na tsaya a kan shan ta ana idar da Isha, in gajarta asham a gida. Akwai kuma jiri idan na miƙe da sauri, don tana sauke hawan jini a tsaye. Sau biyu ina dafa kafaɗar na kusa da ni wajen tasowa daga sujada. Bayan gida ma yakan yi tauri, zogale da kuɓewa suka zama dole. Da aka gwada kai ni miligiram 50, zuciya ta riƙa dukan uku-uku ina zaune, rana ɗaya kuma na kusa shiga bayan wata tifa a Ƙofar Doka saboda magagi. Muka koma 25, a nan muka zauna.

Akwai kuma abubuwan da ban ɗanɗana ba, Allah ya kiyaye, amma Hajiya ta nanata mini su har na haddace. Da zazzaɓin cizon sauro ya kama ni a damunar da ta biyo, na je sayen maganin da kowa ke sha, haɗin atemita da lumefantirin. Ta riƙe kwalin ba ta miƙo ba, ta ce takardar wannan maganin ta ambaci amitirif da suna cikin waɗanda ba a so a haɗa su, don yana hana hanta sarrafa ta yadda ya kamata, kuma dukansu biyu suna iya taɓa bugun zuciya. Ta kira likitana a waya suka daidaita yadda za a yi. A ƙasar da kowa ke sayen maganin zazzaɓi kamar goro, ban taɓa jin wani ya faɗi wannan ba. Haka tiramol: haɗa shi da amitirif na iya kawo farfaɗiya ko wani rikicewar jiki mai haɗari da zazzaɓi da karkarwa. Maganin mura mai sa barci ma yana ninka magagin. Wanda bai daɗe da samun toshewar jijiyar jinin zuciya ba, ba a ba shi amitirif. Mai hawan jinin ido, da dattijon da fitsari ke yi wa gardama, sai likita ya auna sosai. Tsofaffi takan rikita musu tunani ta kuma kayar da su. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 ana sa musu ido a makonnin farko saboda tunanin cutar da kai.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne na yara. Dangin zobe uku ba su da yafiya idan aka zarce ƙima, zuciya suke kamawa. 'Yan ƙwayoyi kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro, ga su kuma ƙanana masu launi kamar alewa. Jikana ɗan shekara biyu ba abin da ke tsere wa hannunsa. Katina yana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo tare da takardun fili. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana miƙa ta a wasu kemis ba takardar likita, wai maganin barci, a ƙulla a leda ba ko suna.

Ɗaya daga cikin mutum ukun da suka tambaye ni, wani Alhaji mai sayar da taya, ya ce shi ya sha wata biyu bai ga komai ba sai barci. Na yarda da shi. Ba kowa take yi wa aiki ba, masana na ƙungiyar Cochrane mai bitar binciken magunguna ma da suka tattara gwaje-gwajen a 2015 sun ce waɗanda ke samun sauƙi mai gamsarwa ba su ne mafi yawa ba. Na ce ya koma wa likitansa a canza masa, kada ya ƙara wa kansa ƙwaya, kada kuma ya yanke ta dare ɗaya irin nawa. Na kuma ce idan mutuwar hannu ko ƙafa ta fara masa sabuwa fil bayan ya fara shan ta, musamman in ba shi da suga, to ya kai maganar asibiti a makon, ya ambaci sunan maganin, don ɗaiɗaikun nan da aka rubuta a takarda su ma mutane ne.

Da ɗalibata ce, 65 zan ba ta, B3 ke nan. Ta dawo mini da barci a farashin da nake iya biya, ta karɓe mini yawu da kuzarin safiya.

Kowane dare yanzu, bayan na haɗiye ta, nakan ajiye madubin uwargida a ƙasa in ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya in duba tafin da tsakanin yatsu. Da safe ba na sa takalmi sai na zura hannu ciki. Awon wata ukun da ya wuce ya sauko 7 da ɗoriya. A zuwana asibiti na ƙarshe likita ya sake fito da zaren fatsarsa, na rufe ido. A ƙafar dama na ji wuri biyu da da ban ji ba. Babban yatsan hagu, wanda ke kusa da inda ƙusar ta shiga, har yanzu shiru.